Dabinon Wa Ne Wannan?

Ni ne Barmo, ɗalibin shekara ta biyu a jami'a a Damagaram, kuma ni ne wanda danginmu na Gure suke kira "mai karatu". In gardama ta tashi a gidan suna sai a ce a bari Barmo ya zo hutu. Da sun san yadda karatun nawa yake, da tuni sun nemi wani.

Tun tsakiyar shekarar farko kaina ya daina riƙe abu. Zan shiga amfi, babban zauren darasi, in nemi kujerar can baya, malam ya fara bayani kan gishirin da ke kashe shuka, in buɗe kaye, littafin rubutuna, in rubuta kwanan wata da kyau, har in ja masa layi. Daga nan hannuna zai tafi aljihu da kansa ya zaro waya. Bidiyo ɗaya tak, haka nake cewa kullum. Wani yana rawa, wata tana suyar kifi a ƙasar da ban san sunanta ba, wani kuma rago ya biyo shi da gudu. Kafin in ɗago kai an share allo sau biyu. Kayena na darasin noma kusan duk kwanan wata ne, shafi bayan shafi.

Mu huɗu ne a ɗakinmu, amma ban taɓa jin kaɗaici irin na ɗakin nan ba. Kowa ya juya wa kowa baya da tasa wayar. In wani ya yi dariya ba mai tambayarsa me ya gani. Na taɓa yin kwana uku ina zazzaɓi, wanda katifarsa ke jikin tawa bai sani ba. Ban ga laifinsa ba, don ni ma sai da aka zo kwashe kayansa na san ya bar makarantar.

A haka na tafi gida hutun tsakiyar shekara. Gida a wurina Kaka Kellu ce, mahaifiyar babana, wadda ta riƙe ni tun da ya rasu ina ɗan shekara biyar. Ina sauka daga mota na same ta a tsakar gida tana tsince wake, ta dube ni sama da ƙasa.

"Maigidan nawa ne wannan ya rame haka? Ba a tuwo a lakwal ɗin, makarantar taku, ko wata ka samu can ta hana ka ci?"

"Ke kaɗai ce, Kaka. Wa zai kula ni?"

"To ajiye salular nan ka gaishe ni da hannu biyu."

Na ajiye wayar, na gaishe ta, na ɗauka kafin ta gama amsawa.

Muna da lambu a wani kwari tsakanin tuddan rairayi, tafiyar sa'a guda da amalanke daga gari. Ƙasar ta gidanmu ce gaba ɗaya, amma dabinon da ke cikinta kowanne da mai shi. Kakanmu yakan dasa ɗaya duk lokacin da aka yi haihuwa. Wani an ba 'ya mace ranar da za a kai ta ɗaki, wani an gada, wani an yi musaya da shi, wani kuma sadaka ne, na matafiya da marayu. Bishiya arba'in da uku, babu takarda ko ɗaya. Duk suna kan Kaka. In lokacin yanka ya zo, ita ke tsayawa a gindin kowace bishiya ta faɗi suna, a sauke, mai shi ya ɗauka, ba wanda ya taɓa cewa uffan.

Kwana biyu da zuwana ta sa aka ɗaura wa jaki amalanke.

"Ƙafafuna sun fara yi mini gardama," ta ce. "Yau zan ba ka sunayen nan. Burahima da Habsu kowa da son ransa, kai ba ka da komai a ciki sai bishiyar ubanka. Kuma kai ne mai karatu."

Baffa Burahima ƙanen babana ne, Gwaggo Habsu kuma yayarsu. Suna gaisawa, suna cin abinci kwano ɗaya ranar salla, amma kowa ya san Kaka ce ke riƙe da su.

Muka gangara kwarin da hantsi. Ƙasa akwai sanyi-sanyi, ga warin laka da kanwa, ga rogo da rake a gefen rijiya. Kaka ta tsaya a bishiyar farko, ta ɗora tafin hannunta a jikinta.

"Haka uwar mijina ta ba ni su. In dafa, in faɗi suna da dalili, kai ma ka dafa ka maimaita sau uku. Abin da hannu ya taɓa baki ya faɗa, shi ke zama. Wannan ta Habsu ce, ta haihuwarta. Dafa."

Na dafa, na maimaita. Bishiya ta biyu ma haka, ta babana, wadda ta zama tawa. Ina gama maimaita ta uku, ta sadaka, na ji wayar ta motsa a aljihu, daga nan na daina jin abin da take cewa. Bakinta na tafiya, ni kuwa ina lissafin bishiya arba'in da suka rage, kowace da labarinta, kowane labari sai ya bi ta kan wanda ya auri wa da shekarar da fari ya kashe shanu. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar masu karatu.

"Kaka, ba sai na maimaita ba. Bari in ɗauke ki a salula. Ita ba ta mantuwa."

"Ni kai na kawo, ba ita ba."

"Ai duk ɗaya ne. In na koma sai in zauna in rubuta su a kaye, tsaf, da lamba."

Ta dube ni. Ta ce a wani kwarin can gaba da namu, tsohon da ya riƙe sunaye ya mutu bai ba kowa ba, yau shekara goma 'ya'yansa ba sa zuwa jana'izar juna. Na ce shi ya sa ma ya kamata a ɗauka. Ta gyara mayafinta ta ce to, tunda na fi ta sani.

Haka muka bi bishiyoyin har azahar. Tana dafawa tana magana, ni ina baya riƙe da waya, ina duba ko haske ya faɗo daidai a fuskarta. Ya faɗo kuwa. Rana na ratsowa ta cikin ganye, zanen fuskarta da ƙwayar idonta duk sun fito. Ina ɗauka ina rayawa a raina cewa wannan zai karɓu a intanet.

Da na koma Damagaram ban buɗe kaye ba. Na yanka bidiyoyin gajeru-gajeru, na cire muryarta saboda iska ta shiga ciki, kuma wa zai tsaya sauraron tsohuwa tana lissafa dangi? Na ɗora kiɗa mai taushi a kai na saka a shafina na intanet, ɗaya bayan ɗaya. Mutum dubu huɗu suka so na farko. Baƙi daga garuruwan da ban taɓa zuwa ba suna rubuta, "Allah ya ja kwanan Kaka." Sati guda ina jin kamar ina da mutane. Ina cin abinci ni kaɗai a bakin titi, ina karanta addu'o'insu ina murmushi.

Bayan wata ɗaya waya ta ce ta cika, ba ta karɓar komai sai na rage kaya. Na duba abin da ya fi cin wuri, na ga dogayen bidiyoyin kwari ne. Na ce ai suna shafina. Ina cikin layin karɓar abinci na goge su, ban ko tsaya ba.

Ana saura kwana goma jarrabawar da na san ba zan ci ba, Baffa Burahima ya kira ni. Kaka ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. An kai ta asibiti an dawo da ita gida. Tana gane mutane, tana ji, amma ba ta iya cewa komai.

"Kuma dabino ya nuna," ya ce. "Masu hawa suna jira. Ta gaya mana tun tuni ta ba ka sunayen. Ka taho gobe."

A cikin mota na buɗe shafina. Ga Kaka, ga hannunta a jikin bishiya, ga bakinta na motsi, ga kiɗa. Na bi su duka. Na shiga kowane lungu na wayar ina neman na asali, har wurin da ake ajiye abin da aka goge, babu komai. Mutumin da ke kusa da ni ya leƙo ya ce, "Kai, wannan tsohuwa ta yi kyau." Na ce masa na gode.

Ban shiga gida ba. Na sauka na nemi mai babur ya kai ni bakin tudu, na gangara kwarin da ƙafa. Ba kowa sai kurciyoyi. Dabino ya yi ja ya yi nauyi, wasu nonnan dabinon har sun sunkuyo. Na dinga bin bishiyoyi da waya a hannu, ina gwada wannan kututture da na cikin bidiyo, ina tsayar da hoton, ina ƙura wa leɓɓanta ido. Nan kamar ta ce Habsu. Ko Hamidu ne, ɗan Baffa? Nan kuma na yanke daidai inda ta buɗe baki, don kiɗan ya ƙare a wurin. Na dafa bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya ko wani abu zai dawo. Uku na farko suka dawo, da muryarta da komai. Sauran arba'in itace ne kawai. Na zauna a gindin ta babana na yi kuka, irin wanda rabona da shi tun ina yaro.

Da la'asar na isa gida. An shimfiɗa wa Kaka tabarma a inuwar rumfa an jingina ta da matashi, dangi sun kewaye ta. Da ta gan ni rabin fuskarta ya yi murmushi.

"Ga mai karatu," Gwaggo Habsu ta ce. "Ka zo da kayen?"

Na durƙusa na faɗa musu. Ban ɓoye komai ba, har layin abincin. Na ce uku na sani.

Baffa ne ya fara magana, ba ni yake kallo ba.

"To, biyun nan na bakin rijiya dai kowa ya san nawa ne."

"Kowa wa?" Gwaggo ta ce. "Ɗaya ta aurena ce, Burahima. Kana goye lokacin."

"Kin musanya ta da ta gefen rogo, a gabana."

"A gabanka? Ka ji tsoron Allah!"

Muryoyi suka hau. Matar Baffa ta ja 'ya'yanta ta shige ɗaki. Wani ya ce a tambayi Kaka, a dinga faɗin suna tana ɗaga kai, wani ya ce ta yaya, tunda bishiyoyin ba su da suna sai na masu su, kuma ba ta iya hawa amalanke. Gwaggo ta miƙe tana neman takalminta.

Kaka ba ta kalle su ba. Ta miƙo hannun hagu wajena, na ɗauka hannuna take so, na ba ta. Ta ture shi ta nuna aljihuna. Na fito da wayar na buɗe mata bidiyon bakin rijiya, na riƙe a gaban fuskarta. Kiɗan ya tashi a tsakar gidan, gardamar ta tsaya.

Ta kalli kanta tana dafa bishiyar. Da leɓɓan cikin hoton suka fara motsi, nata ma suka bi, gefe ɗaya yana ja, jijiyar wuyanta ta tashi. Ta san sunan. Yana nan a bakinta, na gan shi da idona. Na kai kunnena dab da leɓɓanta, na daina numfashi, ban ji komai ba sai iska mai ɗumi.

Bidiyon ya ƙare ya sake farawa da kansa. Ta sake gwadawa. A karo na uku hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye, ta rufe ido. Na kashe wayar. Ta bayana na ji Gwaggo Habsu ta fita, ba ta yi wa Baffa sallama ba.