'Ya'yan Talotalon Baba Kadiri

"Janye kaskon baya, Mulikatu! Reno na ce ki yi, ban ce ki gasa mini su ba."

Mulikatu ta janye kaskon garwashin da ƙafa, ta harari tsohon da ke kwance a bakin ƙofarsa. Kwana tara ke nan ciwon ƙirji ya kayar da shi, ko kofin koko ba ya iya ɗagawa, amma muryar ba da umarni tana nan yadda ya baro ta a bariki. Baba Kadiri ke nan, tsohon soja, wanda ya kama ɗaki a gidan hayar nan tun unguwar Nima tana filin kiwon shanu. Ba mata, ba ɗa, sai talotalo.

Su kuwa talotalon, Mulikatu maƙwabciyarsa ba ta da abokan gaba kamarsu. Shekara shida suna cinye mata masarar koko in ta shanya, shekara shida tana bin su da muciya. Sai ga shi ranar Litinin wani kare ya faɗo gidan ya karya wuyan uwar, kwana biyu da ƙyanƙyashe, ta bar 'ya'ya tara a tsakiyar damina. Biyu sun riga sun bi ta. Saura bakwai, cikin akwatin katako da aka shimfiɗa wa buhu, a ƙarƙashin rumfar kwano.

"Irin nan matata marigayiya Fusena ta zo da shi daga garin Salaga," in ji tsohon, yana tsayawa yana jan numfashi. "Ƙwai uku cikin ƙwarya. Shekara ashirin da biyu bai yanke ba. Shi kaɗai ta bar mini. Kada ya yanke a hannuna."

"A hannuna dai, Baba Soja, tunda ni ka maƙala wa. 'Ya'ya biyar na raina, ko ɗaya bai salwanta ba. Waɗannan munanan ne za su gagare ni?"

Daga kan tabarma ya koya mata aikin. Ɗan talotalo, in ji shi, ba a yi wawa irinsa ba: sai ya mutu da yunwa yana tsaye a kan abinci in ba a nuna masa ba. Ta murmushe dafaffen ƙwai da ganyen albasa a faranti, ta riƙa ƙwanƙwasa farantin da farce har suka zo suna sara. Ta tsoma bakin kowanne a ruwa. Ta zuba tsakuwa a murfin gwangwanin da suke sha don kada su nitse. Ta cusa tsummoki a kusurwoyin akwatin don kada su taru su danne juna. Wuta kuwa, ya ce ita ce uwarsu yanzu. Ɗigon ruwa a bayansu, gawa. Sanyin rabin yini, gawa.

Ranar Juma'a da hantsi ta kawo masa koko, ya girgiza kai.

"Nawa suka rage?"

"Bakwai, ras."

"Madalla."

Ta je ta ƙara gawayi a kasko, ta fifita, ta dawo ta tarar ya juya fuska gabas, hannunsa a ƙarƙashin kunci. Ta kira shi sau uku. Sannan ta yi salati, ta fashe da kuka irin wanda ita kanta ba ta san tana da shi ba. Wallahi ta so tsohon nan, duk da masarar da aka ci mata.

Mahama maigidan haya ya tara maza, aka yi wanka, aka ɗinka likkafani. Mma Azara ta iso, dattijuwar da ba a mutuwa a unguwar sai ta zo ta tsaya a kan komai. Ƙa'idarta ɗaya ce, kowa ya san ta: gidan da aka yi rasuwa ba a hura wuta sai an yi sadakar uku, abinci maƙwabta ke kawowa. Ta ɗauki buta ta bi murhunan gidan ɗaya bayan ɗaya tana yayyafa ruwa. Mulikatu tana can ɗaki tana fito da tabarmi, ba ta gani ba.

Ana fita da makara hadari ya taso daga teku, ruwa ya tsinke kamar da bakin ƙwarya. Mata suka cika barandar. Can Mulikatu ta ji wani siririn kuka yana ratsa ƙarar ruwa a kan kwanon rufi. Ta ruga rumfa. Kasko ya zama baƙar laka. 'Ya'yan sun dunƙule wuri ɗaya suna rawar ɗari, ɗaya ya faɗi a gefe, ido a rufe, ƙafa a miƙe.

"Mma, wa ya kashe wutar nan?"

"Ni. An fita da mutum yanzu, ki bar wuta tana ci don tsuntsaye?"

"Ai ba ta girki ba ce, Mma."

"Wuta wuta ce, 'yata."

Ba a ja da Mma Azara a gaban jama'a. Gidan maƙwabta da ake da wuta kuma akwai lungu tsakani, ya zama rafi, ruwan na bugowa ta ko'ina. Ga shi mamacin ba shi da kowa, ita ce za ta zauna ta karɓi gaisuwa. Mulikatu ta tsaya ta dubi akwatin, ba ta daɗe tana tunani ba. Ta juya baya, ta sassauta zaninta, ta riƙa ɗaukarsu ɗaya ɗaya tana jerawa a jikin cikinta. Wanda ya faɗi ta hura masa numfashi a baki, ta cusa shi a ƙirjinta. Ta ɗaure, ta rufa da gyale, ta dawo ta zauna a tabarma a hankali, hannu biyu a tallafe.

Masu gaisuwa suka yi ta shigowa a jiƙe. "Sannu da haƙuri. Allah ya jiƙan Baba Soja."

"Amin, amin."

Wata mai tallan kenke, tuwon masarar garin, ta durƙusa, sai ta zabura. "Kai, Mulikatu, cikinki yana kuka!"

"Magadansa ne. Ki yi musu gaisuwa su ma."

Wasu suka toshe baki da mayafi. Mma Azara ta ja tsaki, ta kau da kai. Amma da iska ta ƙara kaɗawa, sai ta tashi da ƙyar, ta warware babban mayafinta mai kauri, ta lulluɓa wa Mulikatu daga kafaɗa har gwiwa, ta koma wurinta ta zauna.

Sai bayan la'asar maza suka dawo daga maƙabarta, jar laka har ƙauri. Mahama ya tsaya ya yi addu'a, kowa ya shafa. Mulikatu ta shafa da hannu ɗaya. Ƙafarta ta yi sanyi, bayanta ya ƙage, kukan kuma ya daɗe da ɗaukewa, ita ba ta san ko barci ne ko kuwa wani abu ba. Ta zura hannu ƙarƙashin mayafin, ta bi su da yatsa tana ƙirgawa a zuci. Shida, dukansu da ɗumi, duk suna numfashi.

Ta dakata, ba ta son kai hannu sama. A nan ta ji wani ɗan farce yana yakushinta a ƙirji, sannan wani ɗan kai mai laushi ya turo ta wuyan rigarta, ya leƙo yana kallon ruwan da ke ɗiga daga bakin kwano.