Littafin Gwaji

Abdulmohsen, shugaban kamfanin, ya fizge littafin gwajin daga hannun Maimuna, murfin ya yanki tafin hannunta. Ta bi shi, ya hankaɗa ta, ƙugunta ya daki teburin gwaji. Kwalabe suka zubo ƙasa suka tarwatse.

"Mudir, ranka ya daɗe, kwamiti cewa ya yi a kai shi yadda yake!"

"Uskuti! Rufe min baki."

Wani kamfani ne ya kai ƙorafi gaban kwamitin da ke duba takardun haƙƙin ƙirƙira, wai man shafawar jariran da kamfaninsu ke tinƙaho da shi ba sabon abu ba ne. Kwamitin ya ce a miƙa littattafan gwaji kafin Alhamis. A shafi na arba'in da ɗaya, Maimuna da hannunta ta rubuta cewa sun raba man a kantuna shekara biyu kafin a nemi takardar haƙƙin ƙirƙirarsa. Layin nan kaɗai ya isa a soke ta.

Ya yage shafuka huɗu, har da wannan, ya cusa a durowa. Ta kai hannu, ya banko durowar a kan yatsunta. Sai da ta durƙusa.

"Ni ne kafilinki, ni na tsaya miki a Saudiyya," ya ce yana haki. "Iƙamarki da ta 'yarki, takardun zamanku a ƙasar nan, a hannuna suke. Sati ɗaya sai ku ganku a Kano."

Bayan azahar Abir, lauyar kamfanin, ta shigo da takardar rantsuwa cewa littafin cikakke ne. Ta kalli yatsun, ta kau da kai.

"Sa hannu nan, halas, shi ke nan."

Maimuna ta nemi minti biyar. A bakin matakala ta kira maƙwabciyarta ta unguwar Mahjar.

"Yaya Lubabatu, ki ɗauko min Rim daga makaranta yanzu. Kada ki bari direban kamfani ya riga ki. Fasfo ɗinmu na jakar ƙarƙashin gado, ki tafi da su gidanki."

"Ke, lafiya?"

"Ki dai ɗauko ta. Ba ta ci komai ba da safe."

Ta dawo ta riƙe biro da hagu. A hankali, kamar 'yar aji ɗaya, ta rubuta a wurin sa hannun lambobin shafukan da aka yage, da sunan wanda ya yage su.

Abir ta karanta. "Habibti, 'yar'uwa, ba a rubutu a nan wurin."

"To, ba ni wata takardar. Nuna min inda ake rubutawa."