Ƙasar da Haliru ya kai bayan dutse

Laifin Haliru girman kai ne, kuma a gabanmu aka yi komai a garinmu Doka.

Sito ya tashi ginawa na ajiye dawa, ya ce sai ya fi na kowa. Baƙar lakarmu kuwa ba ta riƙe gini, da damina ta kumbura, da rani ta tsage. Dole a haƙe ta a zuba jar ƙasa. Tun iyayenmu, ƙasar da aka haƙe ba a kai ta ko'ina. Nan ake tara ta ta gabas, ta tare ruwan kwari.

Haliru ya ce shi ba za a jibge masa tudu a ƙofar gida ba kamar matsiyaci. Ya ɗauko katafila da lori uku, ya ce a kai lakar can bayan dutse. Man da za su sha kuwa, ganga goma sha biyun da ya ajiye wa tarakta don shuka ya buɗe musu.

'Yarsa Raniya, wadda ta karanta aikin gona a birnin Gadarif, ta same shi bakin ramin tana toshe hanci.

"Baba, wannan man na shuka ne. Kowane sawu hayaƙi yake zama, ya hau sama ya zauna, yana ƙara wa ƙasa zafi, yana rikita mana damina."

"Sannu malama! Lori ukuna ne za su rikita sama?"

"Da naka da na wasu, Baba. Ko rabin ƙasar ka bari ta gabas."

"Wuce ciki, kada ƙura ta ɓata miki karatun."

Kwana ashirin loriyoyin suna kai da kawowa. Shimfiɗar masallaci ta yi baƙi, tsofaffi suna tari a sahu. Aka ƙone ganga ta ƙarshe, ginin ko ƙugu bai kai ba.

Sai ruwa ya sauko da wuri, mai yawa. Haliru ya nemi man tarakta har garin Basunda bai samu ba. Ruwan kwari ya zo ta gabas, bai tarar da abin da zai tare shi ba.

Ga abin da ya rasa: mai ganga goma sha biyu, duk sun tafi sama. Gona faddan sittin, wato wajen eka sittin, ba a shuka ko ɗaya ba. Dawar bara buhu arba'in ta jiƙe ta ruɓe. Ɗaki biyu sun faɗi. Sito kuwa ya zama kududdufi, har yau sauro ne ke ciki.