Na Taran da Babu a Littafin Coci

Gwaggo Attracta ta ce mahaifinta da 'yan'uwansa su tara ne, littafin coci ya ce takwas, ni kuma aka sa ni a tsakiya kamar ni na haife su.

Ƙanwar babana ce, shekarunta tamanin da shida, kuma tun da nake ban taɓa jin ta ce ta yi kuskure ba. Iskar teku ta cinye rubutun dutsen kabarin gidanmu, sai ta yanke cewa a sassaƙa sabo, da sunan mahaifinta da na 'yan'uwansa kaf. Festy mai sassaƙa ya ba mu zuwa ƙarshen wata, don za a yi masa aikin gwiwa, ba zai sake riƙe guduma ba sai bazara. Gwaggo kuwa da bakinta ta ce ba ta sa ran ganin bazarar.

"Dervla, ke da kika yi karatu, nemo min na taran."

"Wa sunansa, Gwaggo?"

"Da na sani zan aike ki?"

Mako uku na yi ina wannan wahala. Fadan cocin da ya riƙe littafin baftisma a zamanin, Allah ya ji ƙansa, kaza ta fi shi iya rubutu. Ga shi a ƙauyen namu gida goma sha ɗaya duk sunan zuriyarsu Munnelly ne kamar mu, kuma kowa ya haifi namiji sai ya raɗa masa Michael, kamar sauran sunaye sun ƙare a duniya. Idona ya yi ja kafin na ware namu. Can na ci karo da yara biyu masu suna Tadhg, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara uku tsakani: na farkon ya rasu a goye, aka mayar wa na bayansa sunan. Na tuƙo mota cikin ruwan sama har gidanta a Belmullet ina murna.

Ko ɗago kai ba ta yi daga shayinta ba. "Na san da shi. Bakwai da suka girma, da shi takwas. Ina ɗayan?"

Na ji kamar in haɗiye makullin motar.

Abin da ya fi ba ni haushi, gaskiyarta ce. A takardar ƙidayar 1911 an tambayi kakarta 'ya'ya nawa ta haifa da rai, aka rubuta tara. Masu rai a lokacin, bakwai. Na bi rajistar haihuwa ta gwamnati shekara-shekara, na bi ta mutuwa, na rubuta wa wani ɗan'uwa a Boston, ya aiko min hoton karensa. Daga ƙarshe sakatariyar cocin ta gaji da ganina, ta cire tabarau ta ce, "Baiwar Allah, in bai kai ga baftisma ba, ko shekara za ki yi a nan ba za ki same shi ba."

Saura kwana biyu wa'adin Festy na je na zube mata takardun a tebur. "Gwaggo, babu shi. Babu suna, babu rana, babu komai. A sassaƙa takwas kowa ya huta, ni na gaji."

Ta ce in miƙo mata sandarta, in tada mota.

Ta sa na tsaya a ƙarshen gonar iyalan Lavelle, inda ƙasa ta gangara bakin teku. Wani ɗan fili ne mai ƙananan duwatsu a cikin ciyawa, ba rubutu a kan ko ɗaya. Duk wanda ya tashi a nan ya san wurin: nan ake kai jariran da suka mutu ba baftisma, tunda a da ba a yarda su shiga maƙabartar coci ba.

Raina ya ɓaci sosai. "Ashe kin san yana nan, kika bar ni ina yawo mako uku?"

"Inda yake na sani," ta ce. "So nake in ji ko akwai wanda ya rubuta shi."

Ta nuna wani dutse kusa da katanga da bakin sandarta. "Wancan nawa ne. Shekarar hamsin da uku. Awa biyu ya yi a duniya. Mijina ya kawo shi, ni ina kwance, kuma har ya mutu bai sake tayar da maganar ba. Fiachra nake ce masa, ni kaɗai."

Shekara sittin ina shiga gidanta, duk a zatona Gwaggo ba ta taɓa haihuwa ba. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa idona.

Daga cikin mota na kira Festy na ce layi biyu za a ƙara: "jariri" a ƙarƙashin na takwas, sannan Fiachra, 1953. Ya fara mita, wai dutsen ba zai ɗauka ba, wai mutane ba su san aiki ba.

Na ce ya rage girman harufan sauran.