Maɓallin Ɗaukar Mutum

A taƙaice, ga yadda al'amarin ya kasance. A wata Asabar da hantsi, an gayyaci wani tsohon soja mai muƙamin saja daga ɗakinsa na bayan kicin zuwa falon gidan ɗansa, domin ya bayyana ra'ayinsa a kan wani sabon wasan yaƙi na kwamfuta da ya fito a makon. Ya amsa gayyatar, ya kuma bayyana ra'ayin nasa. Ba a samu rauni ko asarar dukiya ba, kuma duk wanda aka tambaya a gidan zai shaida cewa an yi nishaɗi.

Saja yana bakin gado yana yanke farce aka ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ƙwanƙwasawar ce ta fara ba shi mamaki, domin ƙofar nan turo ta ake yi, a ajiye kwano, a ja ta. Ɗansa ne ya leƙo, wanda kowa ke kira Injiniya tun da ya buɗe shagon gyaran kwamfuta, mai kuma ɗaukar bidiyon kansa yana sharhin wasanni yana sakawa a intanet.

"Baba, kana da aiki ne?"

Saja ya dubi farcen da ya rage masa. "Ina da taro da manyan hafsoshi, amma zan iya ɗaga shi."

Injiniya ya yi dariya. "Wani wasa ne ya fito, na soja zalla. Ina so ka zo ka gani, ka faɗa wa mutane ko sun yi daidai. Ka sako hular nan taka."

Ya kamata a yi wa mutanen gidan adalci. Tun da matarsa ta rasu aka dawo da Saja nan, ba a taɓa barinsa da yunwa ba, maganinsa kuma ba ya yankewa. Abu ɗaya ne ba a yi: ba a tambayarsa komai. Shi kuwa yana da labari guda da yake so ɗansa ya ji kafin ƙasa ta rufe masa ido, labarin abokinsa Dogo. Sau da dama ya ɗauko shi, sai wayar wani ta yi ƙara, ko a tuna an bar wani abu a kan wuta. Har labarin ya tsufa a bakinsa.

Ya janyo akwati daga ƙarƙashin gado, ya ciro hular, ya kaɗe ta a gwiwa.

* * *

An sauya wa falon kama. Ga ƙaton allon kwamfuta a kan tebur, ga fitila mai haske kamar ta ɗakin tiyata, ga kyamara a kan ƙafafunta uku tana kallon kujerar da aka nuna masa. Surukarsa, matar Injiniya, ta kawo masa shayi a kofin baƙi, ta durƙusa ta ajiye.

"Baba, yau kai ne babban baƙo."

"Na gani, 'yata. Har da kofi mai hannu."

Injiniya ya danna wani abu, lasifika ta yi gurnani, falon ya cika da ƙarar jirgi mai saukar ungulu. Saja bai san lokacin da ya duƙar da kai ba. Jirgin ya sauka a wani fili, iskarsa ta kwantar da ciyawa, ƙura ta tashi ta rufe komai, sannan ta lafa a hankali, ta bar rana tana ratsowa ta tsakanin ganyaye. A ƙasan allon ga hannaye biyu riƙe da bindiga, har da datti a ƙarƙashin farce.

"Hannun wa ke nan?"

"Naka ne, Baba. Kai ne wannan."

Saja ya matso da kujera. Ya ji takun takalma a kan tsakuwa, ya ji ƙarfen maɗaurin bindiga yana bugun gorar ruwa, ƙas, ƙas, sautin da ya ɗauka ya mutu tare da ƙuruciyarsa. Da suka doshi wani ƙauye da aka ƙone, tsuntsaye suka yi tsit gaba ɗaya.

"Tsaya," in ji shi, ya kama hannun ɗansa. "Ka ji? Sun yi shiru. Akwai mutane a gaba."

Bai rufe baki ba harbi ya ɓarke. Injiniya ya juya ga kyamara, idanunsa na ƙyalli. "Kun dai ji da kunnenku. Bai taɓa ganin wasan nan ba."

"Mutanen nan sun yi bincike," in ji Saja, yana murmushi har giɓinsa ya bayyana. "Wanda ya haɗa wannan ya zauna da soja. Wari kawai suka manta. Kuma wancan mai gudu a tsaye a tsakiyar fili, a nemo wanda ya horar da shi a tsare shi."

Sai aka miƙa masa ragamar. Maɓallai huɗu na hannun hagu su ne ƙafafu, linzamin da ake ja a kan tebur shi ne wuya da kunamar bindiga. Da farko sojan Saja ya tafi kai tsaye ya rungumi bango, ya tsaya yana kallon sama kamar mai neman wata. Surukar ta toshe baki da gefen mayafi. Amma yatsun da suka taɓa kwance bindiga su haɗa ta ido rufe ba su daɗe suna jin kunya ba. Ya gano maɓallin durƙuso, ya bi gindin katanga, ya leƙa, ya koma, ya sake leƙawa ta wani gefen, ya harba sau biyu.

"Ya faɗi," in ji Injiniya. "Baba, ashe haka kake?"

"Da can a kan me kake tsammani gwamnati ta ciyar da ni?"

Ya manta da shayin, ya manta da ciwon gwiwa. Ya yaba yadda bindigar ke harbawa sama idan an matsa mata, ya kushe yadda mutum ɗaya ke ɗauke da makaman da sai an sa mota, ya ce a faɗa wa waɗanda suka haɗa wasan su rage wa hafsan da ke ba da umarni a ciki surutu. Duk abin da ya faɗa, ɗansa na gyaɗa kai yana cewa, "Ƙara faɗa musu, Baba." Rabon da a ce masa ya ƙara faɗa har ya manta.

Tun saukarsu daga jirgi akwai wani dogon soja mai rediyo a baya da ke biye da shi kafaɗa da kafaɗa. Da suka iso bakin wata gada, aka buɗe musu wuta daga tsallake, mai rediyon ya dafe ciki ya zube. Wata kibiya ta bayyana a allon tana walƙiya, tana nuna gaba. Sojan Saja ya tsaya cak.

"Wane maɓalli ne na ɗaukarsa?"

"Babu, Baba. Wuce kawai, lokaci na tafiya."

"Yana motsi."

"Haka aka zana shi. Bi kibiyar."

"Ba a barin mutum," in ji Saja, ba da faɗa ba, kamar mai tuna wa yaro abin da ya riga ya sani. "Dole akwai. Waɗanda suka tuna da tsuntsaye ba za su manta da wannan ba."

Ya shiga danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Sojansa ya yi tsalle. Ya jefa gurneti cikin kogi. Ya ciro wuƙa, ya mayar, ya buɗe taswira, ya sake yin tsalle a gefen wanda ke kwance. Injiniya ya kife a kan tebur yana dariya har da hawaye, matarsa ta jingina da bango tana riƙe da ciki. Da maɓallan suka ƙare, Saja ya ja sojansa ya durƙusar da shi tsakanin mai rediyon da inda harsasai ke fitowa, ya ɗauke hannuwansa daga tebur. Allon ya yi ja, sannan ya yi baƙi.

Injiniya ya danna wani abu. Ga su kuma a bakin gadar, ga mai rediyon a tsaye garau, yana gyara maɗaurin hularsa.

Saja ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, "Akwai wani abokina, Dogo."

Ya saurara ko waya za ta yi ƙara. Ba ta yi ba. Maimakon haka sai ya ga ɗansa ya ɗauki abin saurare ya rufe kunnuwansa da shi, ya lumshe ido, ya sunkuyar da kai. Saja bai taɓa ganin an shirya wa maganarsa irin wannan shiri ba. Sai labarin ya zubo. Yadda aka harbi Dogo a cinya a bakin wani rafi, yadda ya saɓa shi a kafaɗa, jini mai ɗumi na bin bayansa har cikin takalmi. Yadda Dogo ya yi ta zaginsa a hanya, wai kafaɗarsa duk ƙashi ce, ko jakin kirki bai kai ba. Yadda suka isa da ransa, aka yanke ƙafar, aka sallame shi da sanda da takardar yabo. Yadda ya ƙare yana sayar da kwaɗo da makulli a bakin tasha, da yadda ranar da ya rasu, Saja ya sake ɗaukarsa, a wannan karon da taimakon wasu direbobi da ba su san ya taɓa sa kaki ba.

Injiniya na ta gyaɗa kai a hankali har aka kai ƙarshe. Ya cire abin sauraren.

"Sauti ya fita tas, Baba. Ko ƙarar fanka bai kama ba."

Saja ya ɗauki wannan a matsayin yabo, ya share ido da bayan hannu.

"Sai dai mu sake wajen gadar nan. Kyamara ba ta kama fuskarka sosai ba."

Ya sake, da farin cikinsa.

* * *

Ana tsakiyar mako surukar ta shigo masa da gudu-gudu, waya a hannu.

"Baba, ka zama tauraro. Duba yawan waɗanda suka kalla."

Ya sa tabarau. Ga shi nan da hularsa, an rubuta a sama da manyan haruffa: TSOHON SOJA YA RIKICE. Ga sojansa yana tsalle, an sa masa kiɗa mai bin tsallen. Ga fuskarsa an kusanto da ita tana cika wayar, yana tambayar maɓalli, an maimaita tambayar sau uku, kowace da muryar da ta fi ta baya siranta. Ya gyara zama yana jiran Dogo. Bidiyon ya ƙare, ya koma farko da kansa.

"Ina sauran, 'yata?"

"Ya ce ya yi tsawo, mutane ba sa tsayawa. Amma ka ji abin da suke rubutawa. Wannan ya ce ka fi kakansa ban dariya. Wannan ta ce a gaishe ka."

"Ina amsawa."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Injiniya ne, fuskarsa kamar an yi masa albishir.

"Baba, na sayo maka kujera mai taya, tana falo, taka ce kai kaɗai. Duk Asabar za mu riƙa yi tare." Ya ɗan sosa ƙeya. "Sai dai don Allah kar ka koyi wasan sosai. Rikicewar suke so."

Saja ya dubi ɗansa, ya dubi bangon ɗakin da ya haddace kowace tsagarsa. Ya cire tabarau ya naɗe.

"Da hular zan riƙa zuwa?"

"Da hular, Baba."

Abin da al'amarin ya ci ba shi da yawa. Kujera ɗaya, daga aljihun Injiniya. Soja ɗaya mai rediyo, da ke faɗuwa a bakin gada kowace Asabar, ya tashi idan an danna. Labari ɗaya, an bayar da shi cikakke, ba a karɓa ba, mai shi kuma bai sake ɗauko shi ba. Sai tambaya ɗaya, wadda Saja ya riga ya san amsarta, yake kuma yin ta duk lokacin da ɗansa ya ɗaga masa yatsa daga bayan kyamara.