Kwana Uku Cikin Ashirin da Ɗaya

Aikina a majalisar ƙaramar hukuma shi ne rubuta abin da aka faɗa a zama. Ba ni da ƙuri'a, ba ni da bakin magana. Ƙaramin teburina yana gefen hagun Shugaba, ƙarƙashin wata fanka da ta fi kansilolin surutu. Shekara tara ke nan ina rubuta "an ɗage", har hannuna ya iya rubuta ta ba tare da ya shawarce ni ba.

Cikin duk abin da na ɗage da alƙalamina, batun filin tsohuwar tashar mota ne ya fi ci mini rai. Gidaje arba'in da takwas aka ce za a gina a wurin, sha biyu daga ciki a ƙasa, babu matakala, domin tsofaffi da masu lalura. Sunan iyayena ne na biyar a jerin masu jira.

Baba da Umma suna zaune a hawa na huɗu na wani tsohon bene da ke kallon filin. Matakala sittin da huɗu ce, kuma benen ba shi da na'urar hawa. Shekara uku da suka wuce Umma ta samu shanyewar ɓarin jiki, tun daga nan sai an ɗauke ta a kujera take sauka. Likita ya ce a riƙa kai ta asibiti gashin ƙafa sau uku a mako, in ba haka ba ƙafar za ta sandare. Mu kuwa sau ɗaya a wata muke iya haɗa maƙwabta huɗu masu ƙarfi. Shi ya sa Yayanmu, da ke wani gari mai nisa, ya yanke magana: in shekara ta ƙare ba a sa harsashin ginin ba, zai zo ya tafi da ita gidansa, inda asibiti ke bakin ƙofa. Baba ba zai iya bin ta ba, domin ƙa'idar jerin ta ce duk wanda ya bar unguwa an soke sunansa. Dole ɗaya ya zauna ya tsare layi. Shekararsu arba'in da ɗaya tare, ko kwana goma ba su taɓa yi a rabe ba.

An fara ɗage batun ne saboda binciken magudanar ruwa. Sai aka ɗage saboda wurin ajiye motoci. Daga baya fayil ɗin ya yi ɓatan dabo wata biyu, aka tsinto shi a ofishin da aka fara nema. A kowane zama akwai wani kansila da muke kira Sai-an-duba, domin ko gaishe shi ka yi sai ka ji kamar zai ce sai an duba. Mutanen layin bayan fili yake wakilta, kuma in zan faɗi gaskiya, su ma suna da tasu damuwar. Duk damina ruwa yana shiga musu ɗaki, suna tsoron in aka shafe filin da siminti abin ya ƙaru.

A ƙarshe dai komai ya kammala, saura abu ɗaya. Doka ta ce a manna sanarwa a bakin filin, ta yi kwana ashirin da ɗaya a jere, domin mai ƙorafi ya gani. Masinjan ofis ya je ya ɗaure takardar da igiya a jikin wani turke, ya yi gaba.

Ba na gidan a makon, ina can ina fama da nawa yaran. Ran Asabar da na zo, sai na ga takardar a cikin wani ɗan akwatin katako mai gilashi, an yi masa ɗan rufi, an shafa masa mai yana sheƙi. Ban yi tambaya ba na san aikin wane ne. Baba kafinta ne, ya ajiye aiki amma hannun bai ajiye ba.

Na hau sama ina haki, na ce, "Baba, wannan akwatin ai ya fi ƙarfin takardar."

Ya yi dariya. "Sakatariya, ku dai ba ku iya riƙon kaya ba. Takardar gidanmu ce fa, a bar ta ruwa yana duka?"

Umma tana kujerarta ta bakin taga, ta ce, "Ni na hango ta tana lilo kamar shanya. Na ce Malam, tashi ka ceto ta."

Muka yi ta raha. Ni da na haddace dokar nan kamar sunana, bai zo mini a rai in tambaye shi a ina ya auna takardar ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Ranar zaman ƙarshe zauren ya cika. Baba ya zo da farar rigarsa, ya zauna a bencin jama'a na gaba, ya ɗaga mini hannu kamar mai rakiyar amarya. Injiniyan majalisa ya yi bayanin sabuwar magudana, ya nuna taswira. Wata mata daga layin baya ta yi tambaya, aka ba ta amsa, ta gyaɗa kai ta zauna. Kansilan unguwarmu ya yi jawabi mai kyau, ko da yake ya yi tsawo. Na ƙirga fuskoki, na ga muna da rinjaye. Har na fara tunanin yadda zan rubuta "an amince", kalmar da na kusa manta yadda take.

Sai Sai-an-duba ya miƙe da ambulan a hannu.

"Ranka ya daɗe, ni ba na adawa da gidaje," in ji shi. "Amma ga hotuna uku. Talata, Laraba, Alhamis, da kwanan wata a jiki. Turken nan babu komai a kansa. Ina so a gaya mini yadda aka yi sha takwas ta zama ashirin da ɗaya."

Hotunan suka zagaya har suka iso teburina. Turke ne tsirara, da guntuwar igiya tana reto.

Shugaba ya juya ga Injiniya. "Wa ya cire?"

"Ba mu muka cire ba, ranka ya daɗe. Wataƙila masu adawa ne."

Nan zaure ya kaure. Mutanen layin baya suka miƙe suna rantsuwa, wani yana cewa a janye maganar, Shugaba yana buga tebur. Da Baba ya yi shiru, wallahi da ba wanda zai sani. Na kafe shi da ido ina roƙonsa a zuci ya zauna. Amma Baba ba ya iya zama a ɗora wa wani laifinsa. Ya miƙe a hankali, ya cire hularsa.

"Ni ne," ya ce. "Kada a zargi kowa."

Shugaba ya ce, "Dattijo, jama'a ba sa magana sai an ba su dama. Amma faɗi."

"Ruwa ne yake cinye rubutun. Na kai takardar gida na shanya, na yi mata gida. Gilashin ne ya ɓata mini lokaci, mai yankan bai buɗe ba sai Alhamis. Na mayar da ita da asubar Juma'a. Yanzu kowa yana iya karantawa, har ƙananan layukan ƙasa."

Wani ya ƙyalƙyale daga baya, sannan ya haɗiye dariyar. Kansilanmu ya yi wuf ya ce, "Ranka ya daɗe, ai gyara ya yi. Da bai cire ba, da ta narke tun kwana biyar."

Shugaba ya dubi Lauyar majalisa. Ta daɗe tana juya takardu, na ga ba ta son abin da za ta faɗa. "Da ta narke a jikin turken, da doka ta ƙirga ta," ta ce. "Amma an ɗauke ta. In muka amince yau, duk wanda ya kai mu kotu zai rushe izinin gaba ɗaya. Sai an sake mannawa."

Kwana ashirin da ɗaya ba wani abu ba ne, haka Baba ya ɗauka, na ga har ya ɗan saki fuska. Ni ce na san sauran. Majalisa za ta tafi hutu, zama na gaba sai bayan wata uku. Kafin nan rahoton magudana ya cika shekara, ya mutu, kuma ba a sake shi sai an ga wata damina. Wakilin kamfanin gini ya rufe fayil ɗinsa tun kafin a kaɗa ƙuri'a. Bakwai suka ce a ɗage, huɗu suka ƙi.

Na rubuta: "Wani mazaunin unguwa ya bayyana cewa shi ya cire sanarwar." Ban taɓa jin tsanar aikina irin ta wannan layin ba.

A hanya na yi masa bayanin wata uku da damina. Muka shiga bene. A hawa na biyu ya tsaya, ya zauna a kan matakala, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Sakatariya, kada ki gaya mata dalili."

"Baba..."

"Ita ta ce in ciro. In ta sani, ba za ta yafe wa kanta ba. Ki ce takardu ne, kamar kullum."

Haka muka ce mata. Ta taɓe baki ta ce, "Allah ya shirya ku, ku da takardunku." Ta sa Baba ya cire farar rigar kada ta yi datti.

Aka sake manna sabuwar sanarwa. Ruwa ya dake ta, ta nannaɗe, rubutun ya zube, babu wanda ya taɓa ta. Baba yakan tsaya nesa da ita da hannuwansa a baya. Ya daina zuwa majalisar abokansa ta bakin shago, ya rage cin abinci. Ƙafar Umma kuwa ta fara ƙin miƙewa, kamar yadda likita ya faɗa.

Yaya ya zo a makon ƙarshe na shekara, da safe. Maƙwabta huɗu suka ɗaga kujerar, Baba yana gaba yana tafiya da baya, yana cewa a yi hankali da kwana, a yi hankali da bango. Ni ina baya da jakar magunguna, ina kuka ba sauti. Da aka iso ƙasa Umma ta ce a dakata kafin a sa ta a mota. Ta kalli filin, ciyawa ta kai gwiwa, awakin wani suna kiwo. Ta daɗe tana kallo.

Sannan ta miƙa hannunta mai lafiya, ta kama bakin rigar Baba.

"Malam, sunkuyo."

Ya sunkuyo.

"Tun ranar na sani. Maƙwabciyarmu ta ƙasa ta hau ta gaya mini kafin ku iso."

Baba ya dafa hannun kujerar. Ta ci gaba.

"Na bar ka ne ka yi ta ɓoyonka, na ga shi ya riƙe ka. Ka yafe mini, ni na aike ka."

"Ke kuma," ya ce. "Wa ya riƙe guduma, ni ko ke?"

"To mun yi tare. Ka ci abinci. Ka riƙa zuwa zaman nan, kada su ga benci babu kowa su ce mun haƙura."

Yaya ya ce rana tana yi, hanya da nisa. Aka sa ta a baya, aka gyara mata ƙafar da matashi. Baba ya rufe ƙofar motar da kansa, ya sake buɗewa ya tura gefen mayafinta ciki, ya rufe. Motar ta juya kwana, muka daina ganinta.

Na ce masa ya zo mu tafi gidana ko na kwana biyu ne. Ya girgiza kai.

"In masu duba jeri suka zo ba su same ni ba fa?"

Na ce ba sa zuwa sai sun aiko da wasiƙa, ni na sani, ofishinmu ne. Ya dube ni da jajayen idanu ya ce, "Ba zan ƙara yin komai da kaina ba. Aka ce zauna, zan zauna."

Ya shiga benen shi kaɗai. Na tsaya a ƙasa ina jin takunsa yana hawa, yana tsayawa, yana hawa, har na ji ƙarar makulli. Sai da ya buɗe ƙofa na ji ya yi sallama da ƙarfi, yadda ya saba, ya ɗan jira, sannan ya rufe.