Makullan Motar Baba Direba

"Mayar da naki cikin kwalinsa," in ji Manaja, babban ɗan maƙwabcinmu Baba Direba. Ko kallona bai yi ba. "Na riga na sayo masu kama kansu."

Kwalaye biyu ne ajiye a kan tabarma a ƙofar ɗakin tsohon. Shi yana jingine da matasai, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya daina shiga. A waje kuwa a-kori-kurarsa na ɗage a kan jak, Bakanike ya kwance tayoyin gaba yana jiran a gama shawara.

Abin da ya lalace shi ne makullan tsakiyar tayoyin gaba, waɗanda makanikai ke kira hob. In sun kama, tayoyi huɗu ke jan mota. In ba su kama ba, na baya kaɗai ke shan wahala. Iri biyu ne: na hannu, wanda sai an sauka an murɗa, da wanda ke kama kansa da zarar an sa giya. Kuma ba gyaran marmari ba ne. Gonar Baba tana hayin wani busasshen kogi mai yashi zalla, bishiyoyin lemon da ya dasa shekara shida da suka wuce sun yi 'ya'yan fari a bana, bai gansu ba. Likita ya riga ya gaya wa iyalinsa abin da ya gaya musu. Shi dai Baba ya ce a kai shi ya gani.

Ni ya aika kasuwa in zaɓo. Na yi shekara uku a kwalejin fasaha ina karatun injin mota, na fito da sakamakon da ya fi na mazan ajinmu, na dawo gida na zauna. Unguwa ta sa mini suna Injiniya don a yi dariya. Baba Direba kaɗai ke faɗar sunan da gaske.

"Yaya," na ce, "naka in mota ta kafe aka yi gaba aka yi baya, sakewa suke yi su sake kamawa. A cikin yashi haƙoransu za su cinye."

"Wa zai sauka ya murɗa naki? Shi? Dubi ƙafarsa."

"Ni zan sauka."

Bakanike ya leƙo yana goge hannu da tsumma. "Injiniya, wannan a littafi ne ko a mota? Shekara ashirin ina ɗaura su, ke lokacin ana goya ki."

"Shekara ashirin kana ɗaurawa suna dawo maka, Oga. Shi ya sa garejinka ba ya rabuwa da mutane."

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Ku sa na yarinyar nan. Ni ban yarda da ƙarfen da ke yanke wa kansa hukunci ba. Direba ya sauka ya taka ƙasa da ƙafarsa kafin ya shiga da mota."

"To, Baba," in ji Manaja. Ya fita waje, ya miƙa wa Bakanike nasa kwalin. Ina gani ta taga. Ban gaya wa tsohon ba, don na san ba shi da ƙarfin faɗa. Na dai cusa nawa cikin jakar sifanuna.

Washegari da hantsi muka tashi. Mahaifiyata ta biyo ni har ƙofa. "Mace da jakar ƙarafa a bayan a-kori-kura! Me kike so a ce da ni a layin nan?"

"Abin da suka saba cewa, Umma."

Inna, matar Baba, ta sa masa matashi a bayansa, ta miƙo mini gorar ruwa. "Ki kula mini da shi, 'yata. Kuma ku tsinko mini lemon ko guda biyu ne."

Manaja ne ya karɓi tuƙi. Ya ce ba za a ga mace na jan ubansa yana zaune ba. Na hau baya, na riƙe ƙarfe.

Da muka isa bakin kogin Baba ya ce a tsaya a duba hanya. Manaja ya dubi takalminsa mai sheƙi, ya sa giya, ya danna. Mun kai tsakiya motar ta nutse. Ya yi baya, ya yi gaba, ya sake yin baya. Ina buga rufin motar ina ihun ya daina, sai na ji ƙarar da nake tsoro, kar-kar-kar, kamar ana jan sanda a jikin langa-langa. Tayoyin gaba suka tsaya cik, na baya suka haƙa wa kansu rami.

Baba bai yi faɗa ba. Ya juya ya dubi ɗansa. "Naka ka sa."

Manaja ya fita yana neman sabis a waya, yana ɗaga ta sama kamar mai kiran tsuntsu.

Na sauke jakata. Yashin ya riga ya ɗau zafi, na shimfiɗa mayafina na durƙusa a kai. Ƙusoshi shida ne a kowace taya, ƙarfen yana ƙona yatsa. Da na zare na farko, garin haƙora ya zubo mini a tafin hannu haɗe da giris. Na goge sandar tayar, na saka nawa, na ɗaure. Wata ƙusa ta suɓuce cikin yashi, na yi ta tona da farce har na samo ta.

"Injiniya," Baba ya kira ta taga. "Kin ga kore can, bayan tudu? Su ne."

Na ɗaga kai. Kawunan bishiyoyi ne kawai, layi ɗaya, ba su fi tafiyar minti biyar a mota ba.

"Saura kaɗan, Baba."

Sa'a ɗaya da rabi na yi. Na rage wa tayoyin iska, na tone yashin gabansu da hannu, na murɗa makullan biyu har na ji sun ce ƙas. Wannan karon Manaja bai hana ni sitiyari ba. Amma da na shiga na ga yadda Baba ya koma. Leɓunansa sun yi fari, numfashinsa na fita da ƙyar, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Na sa giya. Motar ta yunƙura, tayoyi huɗu suka kama, ta fito daga ramin kamar ba ita ba.

"Gaba," in ji Baba.

"Juya!" Manaja ya daka mini tsawa. "Asibiti! In ya mutu a dajin nan, wallahi ke kika kashe shi!"

"Gaba, 'yata."

Ni da ban taɓa sunkuyar wa kowa kai ba, ni da na tsaya gaban malamai da makanikai da matan layinmu ban ƙifta ido ba, ranar na ji tsoro. Na karya kan motar na juya. Makullan da na zaɓo suka fitar da mu daga yashin sumul, ta gefen da muka shigo.

Baba ya juya fuskarsa ga taga, yana kallon madubin gefe har muka hau kwalta.

Kwana uku ya yi a asibiti. Na je sau biyu. Na farko yana barci. Na biyu idonsa biyu, na gaishe shi, ya amsa da "Sannu, yarinya." Bai ce Injiniya ba. Ranar Laraba da la'asar ya cika.

A gidan, cikin mata masu zuwa gaisuwa, na ji abin da na san zan ji. "Ita ce ta ja tsoho cikin rana." "Ai karatu in ya yi wa mace yawa haka yake." Wata har da tambayar Umma ko hannuna zai taɓa fita daga baƙin mai. Na zauna a tsakiyarsu, bayana a miƙe, na ɗora hannuwan a kan gwiwa inda kowa zai ga ƙunar. Laifin da suke ɗora mini ba shi ne nawa ba, kuma ba su kai in gaya musu na gaskiyar ba.

Inna kaɗai ta matso kusa, ta yi ƙasa da murya. "Ya gansu kuwa?"

"Daga nesa, Inna."

Ta gyaɗa kai.

Bayan mako biyu Manaja ya kawo mai sayen motar. Ina tsaye a ƙofarmu na ji yana bubbuga tayar gaba da ƙafa yana cewa, "Na hannu ne, sababbi. Ni ba na yarda da masu kama kansu." Bakanike na gefe yana gyaɗa kai. Aka ja motar aka tafi.

Da safe Inna ta fito da tsintsiya. Ta share ƙofar gidan tas, daga bango har bakin kwata. Da ta zo wurin da motar ta shekara tana kwana, inda mai ya ɗiga ya yi baƙin tabo a ƙasa, sai ta ɗaga tsintsiyar, ta kewaye shi.